Tsakuwar Alhaji Mamuda

To, ku ajiye wayoyin nan ku ara mini kunnuwanku. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi inda ya tsaya.

Akwai wani mutum a Funtuwa, Alhaji Mamuda mai sayar da tayoyin mota. Ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah Ya jarrabce shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a ya ce me kake nema, in ka wuce ba gaisuwa ya ce me kake ƙullawa. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. Shekara uku kafin wannan labari masu garkuwa da mutane suka ɗauke ƙanensa a hanyar gona, daga baya aka gano direban gidansu ne ya nuna shi, mutumin da suke cin tuwo kwano ɗaya. Ƙanen ya dawo da ransa, amma yardar Alhaji ba ta dawo ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da likita ya ce ya rage zaman shago ya riƙa tafiyar ƙasa, sai ɗansa Nazifi ya sa sunansa cikin masu zuwa Dutsen Mai Rawani, can ƙasar tuddai ta gabas, inda gajimare ke naɗe kan dutsen rani da damina. Kwana biyar ake yi ana hawa a ƙafa kafin a kai zangon ƙarshe da ake kira Gindin Rawani. Daga nan sai masu igiya da taurin kai ke wucewa. Alhaji ya cika baki a majalisa cewa zai kawo musu hoto. Ana gobe tafiya abokin da za su je tare ya janye, wai ƙafa ke masa ciwo. Alhaji ya kwana yana juya wannan ƙafar a ransa, amma kunyar majalisa ta hana shi fasawa.

Baƙi goma sha biyu ne suka taru a ƙauyen da ke ƙasan dutsen, kuma mutum uku ne ke riƙe da tafiyar. Ɗahiru shi ne jagora, dogo marar yawan magana. Zakari shi ne mai dafa abinci, bakinsa ba ya shiru. Ayuba kuwa shugaban masu ɗaukar kaya ne, shi ke zuwa a bayan kowa.

Mutanen wurin suna da wata al'ada tun kakanni. A kowane zango akwai ɗan kogo a jikin dutse. In za a hau, jagora ya zuba tsakuwa a ciki, ɗaya don kowane kai. In an sauko, kowa ya cire tasa da hannunsa. Duk wanda ya leƙa ya ga tsakuwa ta yi saura, ya san akwai ɗan Adam a sama, sai a fita nema. Wanda ya cire tasa kuwa ya shaida wa duniya ke nan cewa ya sauka da ƙafarsa, kada a wahala. Ɗahiru ya bayyana wa baƙi wannan tun safiyar farko. Kowa ya ji, ban da Alhaji, don a lokacin ya zagaya bayan bukka yana sake gwada kwaɗon jakarsa.

Saboda haka da suka tashi daga zangon farko ya ga jagora yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya yana jefa tsakuwa a kogo, sai gabansa ya faɗi. Ya ce a ransa, wato saƙo ake bar wa na baya, a gaya musu yawan kajin da ke cikin akurki. Bai tambayi kowa ba, don in ka tambaya ka nuna ka gano. Ya dai yi kamar zai zagaya, ya zura hannu ya cire guda ya cillar, don ya ɓata musu ƙirga. Haka ya yi a zango na biyu da na uku.

Shi kuma Zakari, Alhaji ya gan shi yana barbaɗa wani gari cikin shayi, sannan yana bin kowa da ido ya ga ya shanye. Citta ce da tafarnuwa da masoro, abin da suke ba baƙi saboda sanyi da jirin da tudu ke sawa. Alhaji ya riƙa karɓa da godiya yana zubarwa a ciyawa. Tuwon ma ya daina ci, ya koma wa dabino da biskit ɗin jakarsa, jiki yana ta raguwa.

Na Ayuba ya fi tayar masa da hankali. Duk inda ya waiga sai ya gan shi a baya, kai a sunkuye. A rana ta biyu, Alhaji yana alwala, ya kama shi ya ɗaga takalminsa yana duba ƙasansa kamar mai karatun wasiƙa.

"Lafiya, malam?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Alhaji. Takalmin ne na ga yana da kyau."

Waya ba ta kamawa a can, ba wanda zai kira. Da yammacin kwana na huɗu, saura wuni guda a kai Gindin Rawani, ya hango su ukun a tsaye wuri ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa suna satar kallonsa. Rashin cin abincinsa suke tattaunawa, amma wa zai gaya masa? Ga kuma hayaƙin makiyaya yana tashi daga tudun da ke tsallake. Alhaji ya ce shi ke nan, ciniki ya faɗa, gobe za a miƙa shi.

Da aka sallame sallar asuba, kowa yana fama da ɗaurin kaya, ya sulale zuwa kogon. Ɗahiru ya riga ya zuba tsakuwoyin ranar. Alhaji ya cire guda, wannan karon ya jefa ta a aljihu, ya kama gangara shi kaɗai. Bai yi nisa ba gajimare ya sauko ya rufe komai, har ba ya ganin yatsun ƙafarsa. Ya bi wata hanyar shanu yana zaton ita ce ta ƙauye, ita kuwa kwazazzabo ta nufa. Ƙasa ta zame da shi, ya gangara ya faɗa kan wani ɗan falalen dutse da bai fi tabarma ba, ƙafar dama a karye, ƙasansa rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Sai ruwa ya kece. Kuma ko da ya ji kamar ana kiran sunansa daga nesa, mutumin nan ya toshe bakinsa da hula don kada nishinsa ya tona shi.

Yanzu ku saurari abin da kowannensu ya yi.

Da aka rasa Alhaji, aka leƙa kogo aka ga tsakuwa ta ragu da ɗaya. Masu kaya suka ce ai magana ta ƙare, ya cire tasa, ya sauka, a ci gaba. Baƙin nan sha ɗaya ma suka goyi baya, don sun sha wuyar kwana huɗu kuma ga abin da suka zo nema a gabansu. Amma Ɗahiru ya san abin da ba su sani ba. Tun zangon farko ya ga Alhaji yana cire tsakuwa, ya riƙa komawa yana mayarwa a ɓoye, don yana jin nauyin ya tsawata wa dattijo. Ya san cirewar Alhaji ba shaidar komai ba ce. Ya ruga a guje har bakin rafin da duk mai sauka dole ya ratsa, ya duba laka bai ga sabon sawu ba, ya dawo yana haki ya ce ba inda za a je. Baƙi suka yi masa ca. Wani ya ce zai ɓata masa suna a waya yadda ba zai ƙara samun mai biyo shi ba, tsofaffin masu kaya suka ce yana ƙaryata al'adar kakansa. Ya tsaya kai da fata, ya ce, "Ku yi mini duk abin da za ku yi. Mutum yana dutsen nan." Ba don shi ba, da ba wanda ya ɗaga ƙafa, da an wuce an bar Alhaji wa ungulu.

Amma tsayawa ba ita ce ganowa ba. Dutse ne mai faɗin gaske, ruwa yana wanke komai, wanda ake nema kuma ɓuya yake yi. Nan Ayuba ya shiga gaba. Ashe aikinsa ke nan na shekara ashirin, ya haddace ƙasan takalmin duk baƙon da ya zo, saboda rana irin wannan. Ya san na Alhaji akwai tsaga a dunduniyar hagu. Ya durƙusa yana rarrafe cikin ciyawa, ya tsinci rabin sawu a kan kashin shanu, ya ƙara tsintar wani can gaba, har zuwa inda ƙasa ta zame. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Alhaji da ya ga fuskar da ya fi tsoro tana saukowa kansa, ya tattara sauran ƙarfinsa ya rarumi dutse ya sara masa a goshi. Jini ya rufe wa Ayuba ido ɗaya. Duk da haka ya goye shi da zani kamar yadda uwa ke goyon ɗa, ya hau da shi, igiya tana cin tafin hannunsa har nama. Ba don shi ba, da Ɗahiru ya tsayar da tafiya a banza.

Sai dai abin da aka hauro da shi kusan gawa ne. Kwana uku ba abincin kirki, ga wuni cikin ruwan sanyi. Leɓɓansa sun yi baƙi, ya daina ma rawar ɗari, wanda a wurin mutanen dutse alama ce mafi muni. Itace duk ya jiƙe, ashana ta jiƙe. Zakari kuwa tun safe, da ya ji an ce ba a ga mutum ba, ya kwashe garwashin karin kumallo cikin tukunya ya rufe da toka, ya rungume ta cikin rigarsa yana bin masu nema, har ta ƙona masa ciki. Ya shige da Alhaji ƙarƙashin wani dutse, ya karya muciyarsa da ludayoyinsa da akushin da ya gada wurin mahaifiyarsa, ya hura wuta da su. Ya tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ya tuɓe nasa, ya manna shi a ƙirjinsa cikin bargo ɗaya. Da Alhaji ya buɗe ido ya ga kofi a bakinsa, sai ya damƙe haƙora. Zakari ya gane. Ya kurɓa a gabansa, ya ba shi, ya kurɓa, ya ba shi, har kofi uku. Ba don shi ba, da gawa Ayuba ya sha wuyar haurowa da ita.

Suka ɗauko shi a kan gadon kara, kwana uku suna saukowa. A hanya ne, da suka zo wani zango, ya ga kowa yana zura hannu a kogo yana cire tsakuwarsa, ya tambayi wata malamar makaranta da ke cikin baƙin ko mene ne haka. Ta gaya masa. Alhaji ya shafa aljihunsa ya ji tasa tana nan. Ya rufe fuska da bargo ya yi kuka irin na wanda ya ji kunyar kansa, kuma wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan ina jin tausayinsa.

Yana kwance a asibitin garin da ke ƙasa, ƙafa a ɗaure, waya ta kama. Nazifi ne. Ya ce matarsa ta sauka lafiya, namiji, ranar nan da Alhaji ya faɗa kwazazzabo. Jikansa na fari ke nan. "Baba, kai za ka zaɓi suna. Wanda ka faɗa shi liman zai raɗa."

Alhaji ya rantse a take cewa yaron zai ci sunan wanda ya ceci ransa. Sai da ya ajiye wayar ya tuna su uku ne, yaro kuwa suna ɗaya ake raɗa masa. Ya sa aka kira su. Ɗahiru ya ce shi magana kawai ya yi, Ayuba ya ce shi sawu kawai ya bi, Zakari ya yi dariya ya ce in dai za a mayar masa da muciya ya yafe sauran.

To, hali zanen dutse. Da suka fita, Alhaji ya koma auna su da tsohon ma'auninsa. Ɗahiru ya jefa sunansa da sana'arsa a wuta dominsa, amma da ya buɗe baki tun zangon farko ya ce, Alhaji, ga ma'anar tsakuwar nan, da duk wannan bai faru ba. Ayuba ya zubar da jininsa, tabon yana nan a goshi, amma shi ne ya ɓoye gaskiya ya ce takalmi ya yi masa kyau. Zakari ya ƙona gadon uwarsa ya ba shi ɗumin jikinsa, amma kwana uku yana ganin ana zubar da shayinsa a ciyawa, mai surutun nan bai taɓa cewa ga abin da ke ciki ba. Kowanne ya yi shiru sau ɗaya don girmama furfurarsa, kowanne kuma ya biya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Gobe suna. Rago yana ɗaure, an raba goro, Nazifi ya kira sau huɗu. Alhaji Mamuda yana kwance yana juya tsakuwar nan a tafin hannunsa, har yanzu bai zaɓi suna ba. To, jama'a, ku da kuka ji farko kuka ji ƙarshe: Ɗahiru, Ayuba ko Zakari, sunan wa ya cancanci a raɗa wa yaron nan?