Ƙauyen da Uwaye Suka Rage Ƙidaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da ba kwa ba mai baki ko ruwan sha. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa.

Wani ɗan ƙauye ne mai gida tara a bayan fadama, ba hanyar mota sai turbar jaki. A nan wani mutum yake, Nomau, mai wayo da son a yabe shi. Kowace shekara tumatirinsa sai ya ruɓe a kwando kafin ya kai kasuwa.

Sai Nomau ya je wurin Sarkin Tasha ya kai kuka. Sarkin Tasha ya ce, "Mota ba ta shiga garin da bai kai mutum hamsin ba. Zan aiko Hankaka ya ƙirga ku."

Hankaka ya zo da farin ƙirjinsa, ya bi gida gida yana tambayar uwargida, "Ku nawa ne?" Da ya gama ya ce, "Arba'in da biyar." Ya tashi.

Nomau ya ce, "Biyar kacal? Ku bar ni da shi."

Ran da Hankaka zai dawo, sai Nomau ya jera turmi biyar a gindin tsamiya, ya lulluɓe su da zannuwa.

Hankaka ya ce, "Sannunku da hutawa." Shiru.

Nomau ya ce, "Baƙi ne, Malam, kunya gare su."

Sai Hankaka ya sauka a kan ɗaya, zane ya zame. Ya leƙa, ya ga ragowar gero, ya tsattsage abinsa. Ya ce, "Baƙuwar nan akwai kyauta. Saura zuwa ɗaya, Nomau. Daga shi ba ni ba ku."

Nomau ya koma gida. Ya tarar da tsohuwarsa tana kaɗi. Ya ce, "Inna, mu nawa kika ce masa a gidan nan?"

Ta ce, "Ni, da ƙannenka Tanimu da Lantana, da matarka da 'ya'yanta uku."

"To ni fa?"

Inna ta kau da kai, ta ci gaba da murza mazari.

"Inna! Ni da furfurata? Ni da na je har gaban Sarkin Tasha?"

Ta ce, "Kai, tafi can. Wace mara kunya ce za ta buɗe baki ta lissafa ɗan farinta a gaban baƙo?"

Nomau ya fice daga gida. Sai ya zaga gidajen nan, ya tarar kowace uwa haka ta yi. Gida tara, 'yan fari tara, duk alkunya ta haɗiye su.

Ran zuwa na uku, Nomau ya tari Hankaka tun daga bakin fadama. Ya ce, "Malam, yau kowace mace gidan maƙwabciyarta za ta ƙirga maka."

Ai kuwa sai bakin mata ya buɗe. Wannan ta ce, "Gidan Delu su bakwai ne, har da ƙaton ɗanta mai minshari." Waccan ta ce, "Gidan Inna takwas, har da Nomau sarkin surutu."

Nomau ya ce, "A dai rubuta, a bar sharhi."

Hankaka ya haɗa ya ce, "Hamsin da huɗu."

Aka yi gayya aka share hanya. Ranar kasuwa sai ga mota tana haki. Nomau ya loda kwandunansa, ya haye gidan gaba yana gyara hula, yana cewa gari bai san darajarsa ba.

Direba zai tayar ke nan, sai Inna ta matso jikin taga. Ko kallon ɗanta ba ta yi ba. Ta ce, "Direba, ka bi a hankali wajen gangaren nan. Akwai wani a ciki."

Kun ji, abin da bakinka ya kasa faɗa, maƙwabcinka zai faɗa maka shi. Kurunkus! Ni kuwa da na kawo muku ita tun daga bayan fadama a ƙafa, ko sannu ban samu ba.