Lambun da Anaruwa Ya Ƙi Karɓa

Kakana Malam Haladu ya shekara talatin yana magatakardan alƙali, kuma abin da ya bar mana bai wuce gafaka ɗaya ta tsofaffin takardu ba, waɗanda gara ta ci gefensu. In an sallame la'asar yakan zauna a zaure ya zaro ɗaya ya karanta mana, yana yi yana gyara wa marubucin kuskure, alhali marubucin ya mutu tun kafin a haife shi. Ina kewar zauren nan, ina kewar muryarsa. Cikin duk abin da ya karanta mana wannan ne ya fi zauna mini, ga shi kuwa yadda na riƙe shi.

An ruwaito cewa a zamanin Sarki Zailani, a Birnin Dargaza, an yi wani attajiri ana ce masa Madugu Cindo, wanda ayarinsa ke zuwa Gwanja ɗauko goro. Yana da abokin tafiya mai suna Anaruwa, ba ɗan'uwansa ba ne, ba kuma bawansa ba. Tun suna samari hanya ta haɗa su. Cindo ke ciniki, Anaruwa kuwa shi ke kwance huhun goro bayan 'yan kwanaki, ya tsince wanda ya fara lalacewa, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa da ganye. An ce shekara talatin da biyu suka yi a haka ba wanda ya taɓa jin kansu.

Da ƙafa ta gaji da tafiya, Madugu ya sayi wata fadama a bayan ƙofar gabas. Anaruwa, wanda matarsa ta rasu Allah bai ba su haihuwa ba, ya koma can ya kafa bukka. Ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, ya dasa lemu da rumman da dabino, ya kewaye wurin da danga. Madugu ya sa malami ya rubuta takardar wakilci, cewa Anaruwa ne wakilinsa a kan lambun, abin da ya yanke ya yanku.

Bayan shekara goma, itatuwa sun yi inuwa, sai wata rana Madugu ya zo lambun da malami da shaidu biyu. Aka rubuta takarda ta biyu a bakin rijiya. Madugu ya miƙa masa, ya ce, "Anaruwa, ga shaidu ga takarda. Lambun nan na ba ka shi kyauta, halak malak."

Anaruwa ya cusa hannuwansa cikin riga, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Haba Madugu. Kana raye kana numfashi, in buɗe baki in ce nawa ne? Ajiye ta a wurinka. Abinka ai abina ne."

Madugu ya yi dariya, ya naɗe takarda ya sa a aljihu, shaidu suka yaba halin dattijon, aka watse kowa na jin daɗi. Mu Hausawa mun san wannan hali, kara muke ce masa, har alfahari muke yi da shi. A miƙo wa mutum abin da ransa ke so, ya kau da kai ya ce ya ƙoshi, a kira shi ɗan mutunci. Ni ma haka aka rene ni, ban kuma ce ba kyau ba, amma ku saurari inda ta kai shi.

Ba abin da ya sake a lambun. Kullum da hantsi Madugu yakan zo ya shimfiɗa buzunsa a gindin lemu, ya ce a shuka albasa nan, a bar can ya huta. In amfani ya nuna, Anaruwa ya cika kwanduna ya kai gidan Madugu, sai abin da aka dawo masa da shi yake ci. Haka suka ƙara shekara shida. Rannan, wata Laraba, ciwon ciki ya kama Madugu da safe, kafin azahar ya cika.

Ya bar 'ya'ya biyu, namiji Barmo, wanda ya yi yawancin rayuwarsa yana fatauci a Agadas, da mace Delu, wadda ke aure a cikin birni, 'ya'yanta har sun kawo ƙarfi. Barmo ba mugu ba ne. Shi dai bai san Anaruwa ba sai a matsayin mai lambun babansa, ga kuma mai saye ya fito, ga shi yana son a raba gado ya koma. Da hannunsa ya ɗauko takardun biyu daga adakar marigayi ya kai wa alƙali, don kada ya ci haƙƙin kowa.

Alƙali ya karanta, ya tambayi shaidu, ya tambayi Anaruwa. Sa'an nan ya ce, "Takardar wakilci gaskiya ce, amma wakilci yana mutuwa ranar da mai wakiltawa ya mutu. Takardar kyauta ma gaskiya ce, amma kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa, mai bayarwa ya janye hannunsa tun yana da rai da lafiya. Kai da bakinka ka ce ba ka karɓa ba, amfanin gidansa kake kaiwa har ya rasu. Wasiyya kuwa bai bari ba. Lambu na magada ne. In ka cire albasar bana, sai ka tashi."

Anaruwa ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji, na kuma yarda." Ya miƙe da ƙyar ya fita. Shekarunsa sun haura saba'in, ba ɗa ba jika, ba wurin da ya sani sai wannan lambu.

An ruwaito cewa abin ya hana alƙali sukuni, har ya kai wa Sarki labari. Sarki Zailani ya tara fadawansa ya ce, "Ga takardu biyu, ba mai ƙarya a cikinsu, ba kuma mai amfani. Ina neman wanda zai nuna mini hanyar da tsohon nan zai mutu a cikin lambunsa, ba tare da an tauye shari'a ko an ƙwari magaji ba."

Galadima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙasa taka ce. Ka ce a bar masa, wa zai ja?" Sarki ya ce, "In na karya hukuncin alƙali yau don tausayi, wanda zai gaje ni zai karya shi don kwaɗayi." Wani ya ce a yanka wa tsohon wata fadamar. Sarki ya ce, "Mai shekara saba'in zai jira dabino ya yi 'ya'ya?"

Sai Waziri Ɗalhatu, wanda bai cika magana a fada ba, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a yi mini izini in ba da wani labari. Ina yaro na bi mahaifina zuwa bakin Kwara. Muka tarar da wasu dattawa biyu aminan juna suna jiran fito, ga jirgi saura wurin mutum ɗaya. Wannan ya ce wa wancan shiga, wancan ya ce a'a, kai ne babba. Wannan ya rantse, wancan ya rantse. Mai jirgi ya dube su, ya dubi rana, ya tura jirginsa. Suka tsaya a gaɓa suna zaginsa, shi kuwa bai yi musu laifin komai ba, aikinsa ya yi. Jirgin Madugu ya tashi, ranka ya daɗe, duk wanda ya tsaya jan takardunsa yana kiran jirgin da ba ya dawowa ne. Lambun nan yanzu yana da masu shi rayayyu. A ba ni kwana uku in ji ta bakinsu."

Waziri ya tafi gidan mijin Delu. Aka yi masa shimfiɗa a soro, ita tana daga bayan asabari. Bai roƙe ta komai ba, abu ɗaya ya tambaya, ya ce, "'Yata, mahaifinki mutum ne da ya san shari'a, ya yi zama da malamai. Me ya hana shi matsa wa abokinsa ya karɓa?"

Delu ta matso kusa da asabarin. Can ta ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa yi masa wannan tambaya. Ina zuba masa fura, na ce, Baba, takardar Baba Anaruwa har yanzu tana adaka. Sai ya ce mini, Delu, ranar da ya ƙi karɓa, wallahi daɗi na ji. In lambun ya zama nasa, da wace hujja zan riƙa zuwa kullum in zauna masa? Shi kuma da wace hujja zai riƙa zuwa ƙofata da kwando? Mun saba da aiki ne ke haɗa mu, ba mu iya zuwa wurin juna haka kawai ba. Ya ce bari a sha ruwan bana tukuna. Kowace shekara haka yake cewa." Ta ƙara da cewa, "Ba rowa ba ce, ranka ya daɗe. Tsoron rabuwa ne."

Waziri ya ce, "Na yarda. To ki sani, gadon nan kashi biyu na wanki ne, ɗaya naki. In kin zaɓi lambun a rabonki, ba ki da komai a gidan da aka haife ki. Abin da ya zama naki kuwa, ba alƙalin da zai hana ki yin alheri da shi. Ban ce ki yi ba."

Ta ce, "Ɗakin marigayiya mahaifiyata na cikin wancan gidan." Can ta ce, "A faɗa wa Yaya Barmo na zaɓi lambu. Amma Baba Anaruwa ba zai karɓa daga hannuna ba, zai ce ya ci rabon marainiya."

Waziri ya ce, "Shi ya sa ba za mu rubuta kyauta ba, wakafi za mu rubuta. Ya zauna ya ci amfanin muddin ransa, bayansa lambu da rijiya su zama na fatake masu wucewa, ba a sayarwa, ba a gado. Mutumin da ke jin kunyar kyauta ba ya gudun amana."

Barmo bai ja ba. Rana ta uku da hantsi aka haɗu a lambun, Waziri da alƙali da shaidu da magadan biyu. Aka karanta takarda. Delu ta matso cikin lulluɓinta ta miƙa wa Anaruwa. Jama'a na kallo, hannuwan tsohon suka fara komawa cikin riga, ya buɗe baki ya ce, "Haba Delu."

Ta ce, "Baba, karar da ka yi wa mahaifina ce ta kusa raba ka da wurin nan. Don Allah kada ka yi mini ita. Hannuna ya gaji."

Anaruwa ya dubi hannun nata, ya fito da nasa, ya karɓa. Alƙali ya ce saura abu ɗaya, kowa ya fita, har mai bayarwa, Anaruwa kuma ya rufe ƙyaure da kansa, don a shaida wurin ya shiga hannunsa. Aka fita ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙyauren ya rufe.

Sarki ya yi murna ƙwarai. Ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya aika wa Delu da gaisuwar girma ta bakin jakadiya, ya kuma kafa doka cewa kada magatakarda ya ƙara rufe takardar kyauta ko wakafi sai ya taka da ƙafarsa ya ga an miƙa an karɓa. A nan kakana yakan ɗaga kai ya dube mu ya ce, wanda ke da abin bayarwa ya bayar yau ya janye hannunsa, wanda zai bar wasiyya ya kira shaidu tun yana iya zama, wanda aka miƙo wa alheri kuma ya karɓa ya gode, gama kunyar awa ɗaya ta fi sauƙi a kan shari'ar bayan rai.

Amma mai rubuta labarin ya ƙara wani abu a gefen takarda, da ƙananan baƙaƙe, wanda ya ji daga ɗaya cikin shaidun. Ya ce da aka rufe ƙyauren, shi ya dakata a bayan danga yana gyara takalminsa, sai ya ji tsohon yana jan ƙafa zuwa gindin lemu. Ya ji ya zauna. Can ya ji shi yana magana a hankali, cikin kuka, yana cewa, "Madugu, na karɓa. Ka yafe mini, na makara."