Rigar Barseg Maharbi

Tun zamanin da yaƙi ke cin ƙasar Armeniya gari bayan gari, an yi wani maharbi, Barseg, a wani tsibiri na tsakiyar tafki. Babu kowa can sai shi da awakin dutse. Barseg kwana-daji, kibiya ɗaya nama ɗaya! Ana cewa awakin da kansu suke tsaya masa.

Wata rana igiyar ruwa ta turo kwalekwale ɗauke da wani tsoho, malamin Kirista, Gevond. Mahara sun ƙone gidan ibadarsu, sun kashe 'yan'uwansa. Littafi ɗaya ya tsira da shi, mai addu'o'insu da tarihin kakanninsu, shi ma ya sha ruwa, tawadar tana gudu.

Ya ce, "Ɗana, in ban kwafe shi kafin ya ruɓe ba, shi ke nan, an manta da mu. Ga shi ba ni da abin rubutu."

Barseg ya ce, "Baba, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Amma na iya jeme fatar da za ka yi rubutu a kai."

Haka suka kama. Wannan ya harba ya jeme, wancan ya duƙa ya rubuta. Shekara uku! Kai, abin da ban tausayi. Idon tsoho ya dushe, bayan maharbi ya ranƙwafa, har hira ta gagare su don gajiya. Awaki suka ƙare ƙaf, saura shafi bakwai, ga ƙanƙara ta rufe hanyar tudu.

Tsoho ya ajiye alƙalami ya ce, "Na gaji, ɗana. A bar shi haka."

Barseg ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa ta fata, ita kaɗai gare shi, ya kankare ta, ya yanka bakwai. A cikin wannan sanyi ya kwanta ciwo. Ranar da aka gama rubutun ya ce, "Baba, karanta mini abin da aka sa a rigata." Tsoho yana cikin karanta shafi na uku rai ya yi halinsa, Barseg ya cika.

Masu gudun yaƙi suka taru daga baya, suka gina gidan ibada kan kabarinsa. Littattafai sun kai dubbai a can yanzu. Amma har yau, duk malamin da zai karanta shafukan nan bakwai sai ya tuɓe mayafinsa, komai sanyi, kuma a shafi na uku yake dakatawa ya yi shiru.