Kwana Ɗari da Tamanin

An yi wani sarki a wata ƙasa, sunansa Jatau, wanda aka kai wa tsegumi cewa 'ya'yansa uku suna shirin tuɓe shi. Bai bincika ba, ya tura su garuruwan kan iyaka rana guda, ya kuma rantse cewa babban ba zai zo gaisuwa ba sai bayan kowane kwana goma sha biyu, na tsakiya goma sha takwas, ƙaramin talatin, don kada su riƙa haɗuwa su uku.

Da fushi ya huce, sai kaɗaici ya zauna masa. Yana cin abinci shi kaɗai, kowane ɗa ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa ya juya. Rannan ya tambayi waziri yaushe ranakun 'ya'yan uku za su dace. Waziri ya ninka lambobin uku, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana dubu shida da ɗari huɗu da tamanin, kusan shekara goma sha takwas." Sarki ya dubi furfurarsa, ya daina fita fada.

Wani tsohon masaƙi, Malam Cindo, wanda ƙirgar zare ta koya wa hisabi, ya ji labari, ya nemi iso.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, waziri ya ƙirga abu guda sau da yawa. A warware kowace lamba har ta ƙi rabuwa. Sha biyu, biyu ce sau biyu sau uku. Sha takwas, biyu sau uku sau uku. Talatin, biyu sau uku sau biyar. Abin da suka yi tarayya a kai biyu ce da uku, wato shida. Ranar haɗuwa kuwa, a ɗauki kowane tushe gwargwadon inda ya fi yawa: biyu sau biyu, uku sau uku, da biyar guda. A ninka su, ɗari da tamanin ke nan."

Sarki ya ce, "Kwana nawa suka wuce?"

"Ɗari da ɗaya."

Sarki ya jira sauran, yana zana su a bangon ɗakinsa. Ranar ta zo, suka iso su uku, amma suka durƙusa nesa da juna, babu mai ɗaga ido, kowa na tsoron a ce ya yi wa ɗan'uwansa magana. Aka kawo akushi, ba wanda ya miƙa hannu.

Washegari sarki ya sa alƙali ya binciki tsegumin, ba a sami shaida ko ɗaya ba. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya nemi gafarar 'ya'yansa a bainar jama'a. Biyu suka dawo gida. Ƙaramin ya roƙi izini ya koma garinsa.

Aka ba Malam Cindo alkyabba da gida kusa da fada. Sarki ya ce wa magatakarda, "Rubuta: mai mulkin da ya hukunta kafin ya bincika, ko ya janye hukuncin, ba duk abin da ya kora ne zai dawo masa ba."