Laifin Famfo a Kan Auta

A wata unguwa ta cikin birni, can ƙarshen wani lungu da kwatarsa ba ta bushewa, an yi wata mai wanki da guga da kowa ke kira Yaya, har waɗanda suka girme ta. Mace ce mai tsafta, mai sakin hannu, ba ta iya ganin yaro da dattin riga ta ƙyale shi. Amma tana da hali guda mara kyau. In abu ya ɓaci, ba ta tambayar me ya ɓata shi, sai dai wa ya ɓata shi. In kuwa ta riga ta faɗi magana, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta janyewa.

Tare suke zaune da ƙanwarta Auta, uwa ɗaya uba ɗaya. Mazajensu sun rasu, 'ya'ya sun watse, sai suka haɗa ɗaki, suka haɗa sana'a. Aikin a rabe yake tun farko. Yaya ke jiƙawa da cuɗawa, Auta ke ɗauraya da shanya, kuma ba wadda ke tsoma hannu a bahon 'yar'uwarta.

Allah sarki, ruwan famfon wancan lokaci! Ruwa ne mai laushi, mai daɗin sha. Sabulu kaɗan za ka goga, kumfa ta cika baho har ta zubo ƙasa, yaran lungu su zo su ɗiba su yi gemu da ita. In an shanya fararen kaya a tsakar gidan nan da rana, sai ka kare ido. Su kuwa Yaya da Auta suna aiki suna tsokanar juna.

"Auta, wannan matsar taki kamar mai lallashin jariri."

"Ke fa, Yaya? Kina cuɗar rigar nan kamar ta zage ki."

Sai su kwashe da dariya har maƙwabta su leƙo.

Ana nan birni ya faɗaɗa, ruwa ya daina isar jama'a. Ma'aikatan ruwa suka zo suka tone titi, suka haɗa unguwar da wata babbar rijiyar burtsatse. Ruwa ya dawo garau, ido ba ya ganin bambanci. Ashe ruwan zartsi ne, irin mai nauyin nan da ya daɗe cikin duwatsu ya kwaso gishirinsu. Sabulu ya daina kumfa, sai wani farin abu ya riƙa yawo a baho kamar nonon da ya tsinke. Yaya ta ce sabulun zamani ne ba shi da albarka, ta riƙa ninka shi. Tana ƙara sabulu, farin abin nan na ƙara maƙalewa a zare. Kaya su bushe da tauri, fari ya koma toka-toka. Ga duk wanda ya san wanki, wannan kama take da aikin da ba a ɗauraye da kyau ba. Ɗauraya kuwa ta Auta ce.

"Yaya, ruwan nan ba namu ba ne," in ji Auta wata safiya. "Leƙa cikin butar shayi ki gani, ta yi ɓawo kamar an shafa mata farar ƙasa. Ko gashina ya yi tauri."

"Gashinki tsufa ne. Ruwan da nake wanki da shi tun ba ki iya ɗaura zani ba, shi za ki ce mini ya canza? Hannunki ne ya mutu."

"To mu kafa duro mu tari ruwan sama, in riƙa ɗaurayar ƙarshe da shi."

"Mu zauna jiran hadari ga famfo a gabanmu? Lalaci dai ba ya rasa dabara."

Auta ta koma kan bahonta. Ta ƙara yawan ɗauraya har fatar yatsunta ta tsattsage, kaya suka ƙi yin laushi.

Ran nan mai askin bakin titi, wanda ya daɗe yana kawo musu tawul-tawul ɗinsa, ya shigo da guda a kafaɗa. Matan maƙwabta na tsaye da bokitai suna tarar ruwa.

"Yaya, lafiya kuwa?" ya ce yana dariya. "Tawul ɗin nan in na goge wa mutum fuska da shi, sai ya ce aski biyu na yi masa."

Wasa yake yi, matan ma suka dara. Amma Yaya ba a taɓa dawo mata da wanki ba tunda take. Kunya ta rufe ta, kunyar ta juye fushi. Ta fizge tawul ɗin ta jefa gaban Auta.

"Ga mai laifin nan. Tana ci tana kwana a ɗakina, ɗauraya ma ta gagare ta. In kin gaji ki faɗa, ba ɗaure ki na yi ba."

Mai aski ya sulale ya fita. Auta ta ƙarasa ɗaurayar da ke gabanta, ta matse, ta shanya. Washegari ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ga ɗakinki nan. Na tafi wurin 'yata."

'Yar tata kuwa a wani gari mai nisa take aure. Yaya ba ta ko ɗaga kai daga baho ba. A ranta cewa take, ta je ta huce ta dawo.

Yanzu aiki duka ya koma hannunta. Ta cuɗa, ta ɗauraye da kanta, ta sake, ta kuma sakewa, don ta nuna wa duniya yadda ake yi. Kaya suka bushe da tauri kamar jiya. Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwan sama mai yawa, ya sami wani tawul da ta manta a igiya, ya jiƙa shi sharkaf. Da rana ta busar da shi, Yaya ta zo ta ɗauka, ta ji shi da laushi kamar na da. Ta daɗe tsaye riƙe da shi. Daga nan ta shiga ɗaki ta buɗe butar shayi ta leƙa.

Wata maƙwabciyarta, wadda aka jefa tawul ɗin nan a gabanta, ta ce mata, "Yaya, kowa a lungun nan ya san ruwan ne. Ki aika wa baiwar Allah nan mana."

"Ita ce ƙarama, ita za ta fara."

"Ita ta jefa miki tawul?"

Yaya ta kafa duro, ta tari ruwan sama, kaya suka ɗan gyaru, amma saƙo ba ta aika ba. Kullum gobe. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai da kaɗaici ya ci ƙarfinta, cin abinci ita kaɗai ya gundure ta, sannan ta share ɗaki, ta shimfiɗa wa Auta sabon zanin gado, ta hau mota.

Ta tarar da Auta goye da jika, wani na riƙe da bakin zaninta. Auta ta tarbe ta da murna, ta kawo mata ruwa, ta zauna kusa da ita.

"Ruwan ne, Auta," in ji Yaya, kanta a ƙasa.

"Na sani, Yaya."

"Ki tashi mu koma gida."

Auta ta share ido da bakin mayafi. "Wallahi tun a mota na yafe miki. Da na zo nan, na daɗe ban kwance kayana ba, ina cewa yau za ki aiko, gobe za ki aiko. Da na ji shiru sai na kwance. Yanzu uwarsu ta kama aiki saboda ina nan, yaran nan ba sa barci sai a bayana. In bar su da wa?"

Yaya ta kwana biyu, ta komo ita kaɗai. Ta shiga ɗaki, ta yaye zanin gadon nan da hannunta, ta ninke shi ta sa a akwati.

To jikokina, ku ji da kyau. In abu ya ɓaci a gida ko a wurin aiki, ku fara binciken abin kafin ku nemi mutumin da za ku ɗora wa, don sau da yawa na kusa da kai ne ke shan laifin da ba nasa ba. In kuma kun gane kun zalunci wani, babba ne ku ko ƙarami, ku tashi a ranar ku ba shi haƙuri. Mutum yana iya yafe muku komai daɗewa, amma ba zai zauna da kayansa a ɗaure yana jiranku har abada ba.