Hannun Da Ya Zana Tartsatsi

Auta mai zane ne, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa musa cewa hannunsa yana da kyau ba. Idan ya kalli fuskarka sau ɗaya, kafin ka gama shan ruwa ya ajiye ka a takarda, har da tabon da kai kanka ka manta kana da shi. Amma yana da ciwo guda, son yabo. Ranar da ya yi zane bai ji an ce "Kai!" ba, abinci ba ya yi masa daɗi. Inna takan ce, "Auta, kai da yabo kamar ƙuda da zuma ne, wata rana a ciki za ka nutse." Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, ai yabon gwani ya zama dole."

Yana da ɗan shago a bakin titi, dab da gidansu, inda yake zana littattafan labari, irin waɗanda hoto ke ba da labarin, magana tana fitowa daga bakin mutane cikin 'yar da'ira. Jarumansa suna tashi sama suna ɗaga motoci, amma kasuwa ta ƙi karɓar su. Mai maɗaba'ar da ke buga masa ya taɓa jujjuya shafukan ya taɓe baki ya ce, "Zane ya yi kyau, sai dai jaruman nan naka ba su da jini a jika. Kamar gumakan shagon tela suke." Maganar ta zauna wa Auta a ƙirji kamar ƙaya.

Yayansa mai walda ne a layin bayan kasuwa. Mutum ne shiru-shiru mai faɗin ƙirji, yatsunsa biyu na hagu sun lanƙwashe tun yana koyon aiki. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kama wa Auta shagon.

A wannan lokaci gari ya cika da labarin wani mutum da ba a san ko wane ne ba. Akwai wasu azzalumai da ke yaudarar masu neman aiki, su kai su rumbunan ajiya a bayan gari, su kulle su suna yi musu aikin bauta. An sha kai ƙara, magana tana shiriricewa. Sai ga wani mai rufe fuska yana zuwa yana yanke kwaɗo da sarƙa, yana sakin mutane. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ga fuskarsa ba, tartsatsin wuta kawai suka gani, ƙofa ta buɗe. Shi ya sa gari ya laƙaba masa suna Tartsatsi. Azzaluman kuwa suka sa lada mai tsoka ga duk wanda ya kawo shi, a raye ko a mace.

Wata safiya Auta ya leƙa shagon Yaya, ya tarar da ƙofa a saye. Da ya tura, sai ya ga Yaya zaune a ƙasa, jini ya jiƙa masa kafaɗar dama, a gefensa ga baƙin ƙyallen rufe fuska da guntun sarƙa sabuwar yanka.

Auta ya dubi ƙyallen, ya dubi yayansa. "Yaya... kai ne?"

"Rufe ƙofar, ka zo ka ɗaure mini."

Auta na ɗaure masa raunin, Yaya ya gaya masa yadda aka taɓa kiransa gyaran ƙofa a ɗaya daga cikin rumbunan, ya ga idanun mutane ta kafar ƙarfe, tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Sannan ya kama wuyan hannun Auta ya ce, "Ka san ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Abin da ka gani ya mutu a nan. Ba baki kaɗai ba, har fensir."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

Ya yi alkawari, kuma da farko ya riƙe. Amma maganar gumakan shagon tela ba ta bar shi ba. Ga jarumi mai jini a jika a gidansu, shi kuma yana zana ƙarya ana yi masa dariya. Sai ya ce wa kansa, ai in ban sa suna ba, wa zai gane? Ya zauna ya zana Tartsatsi. Ya zana yadda yake tsayawa kafaɗar dama a ɗan sauke. Ya zana hannun hagu a kan sarƙa, yatsu biyu a lanƙwashe, domin ba tare da su ba hannun ya ƙi yin rai. Ya zana shagon da jarumin ke komawa, har da tulin tsofaffin ƙofofi da ke jingine a bango.

Littafin ya tashi kamar wutar daji. Mai maɗaba'a ya buga ya ƙara bugawa. Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar shagon Auta don su ga hannun da ya zana Tartsatsi, shi kuwa ya sayi sabuwar riga, tafiyarsa ma ta canza.

Ana haka, wata rana da hantsi wasu mutum uku suka shigo. Tufafinsu tsaf, gaisuwarsu cikin ladabi. Babbansu mai sanyin murya ne, murmushi ba ya barin fuskarsa, ko da yake murmushin ba ya kaiwa idanunsa. Ya buɗe littafin a kan tebur ya ce, "Malam, mun ga zane iri-iri, amma naka daban ne. Sai dai abokina ga shi nan ya ce duk shaci-faɗi ne. Wai ka zauna a ɗaki ka ƙago yatsun nan don burgewa."

Jinin Auta ya hau. "Shaci-faɗi? Ka gaya wa abokinka ni ba na zana abin da idona bai gani ba."

Mai Murmushi ya rufe littafin a hankali ya ce, "Haka na zata. Allah ya ƙara basira." Suka fita. Sai da Auta ya ga sun tsaya a titi suna nuna wa juna shafin da ke da tulin ƙofofi, sannan ya gane cewa masu farautar Tartsatsi ne, kuma da bakinsa ya ba su tabbaci.

Kafin ya yi shawarar abin yi, sai ga Yaya ta ƙofar baya, littafin a hannunsa. Wani maƙwabcinsa ne ya miƙa masa yana tsokana, wai jarumin nan kamar an zana shi. Yaya bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa, da Auta ya fi samun sauƙi.

"Har da yatsuna, Auta?"

"Yaya, wallahi ban sa suna ba..."

"Wanda ya zana ƙofar gida, me ya rage na suna?" Ya ajiye littafin. "Akwai rumbu guda da ya rage. Na yi wa mutanen da ke ciki magana ta kafar ƙofa, na ce su yi haƙuri ina dawowa. Akwai mai ciki a cikinsu. Yanzu za su yi ta jira."

Ya shiga gida ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa ta yi masa addu'a ba tare da ta gane dalilin tafiyar ba. Ya fita da 'yar jaka. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ka riƙe Inna." Wannan ne ganin ƙarshe da Auta ya yi masa.

Mafarautan sun isa shagon walda sun tarar da shi wayam. Daga nan biyu suka bi sawu, ɗaya kuma ya dawo ya zauna a kan wani benci a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon shagon Auta. Suna canjin juna, amma bencin bai taɓa zama babu kowa ba. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. In Auta ya buɗe shago, ido na kansa. In ya raka Inna asibiti, akwai takun da ke bin nasa. Ya koma ko ƙyauren taga ya motsa sai gabansa ya faɗi.

Ya yi ƙoƙarin gyara ɓarnar. Ya zana sabon littafi, ya kai Tartsatsi wani gari na bakin teku, ya ba shi jirgin ruwa, don ya karkatar da su. Ranar da littafin ya fito, Mai Murmushi ya tsallako titi ya ajiye shi a kan tebur.

"Wannan idonka bai gani ba, Malam. Hannunka ba ya iya ƙarya. Shi ya sa muke son ka."

Tun daga ranar hannun ya juya masa baya. Duk fuskar da ya fara zanawa, kafin ya kai haɓa ta zama ta Yaya. Ya gwada zana tsohuwa, idanun Yaya suka dube shi daga takardar. Ya gwada zana jariri, yatsu biyu suka fito a lanƙwashe. Ya yayyaga takardu har kwandon shara ya cika, daga ƙarshe ya daina taɓa fensir. Masu yabo suka watse kamar ba a taɓa yin su ba.

Inna ta gane komai daga bakin maƙwabta. Ba ta tsine masa ba. Ita ce ma ta fara hango abin da shi bai hango ba. Wata rana tana leƙen bencin ta labule ta ce, "Bar su su zauna. Muddin suna nan suna jira, ba su same shi ba ke nan." Daga nan kowace safiya tambayarta ɗaya ce: "Auta, suna nan?" Ya ce, "Suna nan, Inna." Sai ta yi hamdala ta karya kumallo. Mutanen da ya fi tsoro a duniya suka zama su ne shaidar cewa ɗan'uwansa yana numfashi.

Watanni suka shuɗe, ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, ta daina iya zuwa taga. Sai wata safiya Auta ya buɗe ƙofa ya ga bencin babu kowa. Ya ce ko sun je shan shayi ne. Rana ta take, babu kowa. Ya bi tashar mota, ya bi masauƙan baƙi, yana tambayar ko an ga wani mai yawan murmushi da abokansa biyu. Aka ce sun tafi tun jiya, kuma ba su yi kama da waɗanda suka yi asara ba. Wani kuma ya ce a'a, a fusace suka tafi. Babu wanda ya iya gaya masa wanne ne gaskiya, kuma har yau ba a samu ba.

Ya dawo gida. Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya, cike da fata.

"Auta, suna nan?"

Ya jingina da bango ya rufe ido. "Suna nan, Inna."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, amanar da aka ba ka ba taka ba ce, balle ka sayar da ita don a tafa maka. Ba da baki kaɗai ake tona asiri ba. Mutum yakan tona shi da sana'arsa, da baiwarsa, da ɗan alfaharin da yake ganin ba komai ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar daga cikin gida take. Yabo yakan wuce kamar inuwar gajimare, amma abin da ka jawo wa wanda ya yarda da kai yana nan tare da kai har ƙarshen rayuwa. Kafin ka nuna wa duniya abin da ka sani, ka tambayi kanka wuyan wa zai hau.