Auta da Muryar Kawunsa

Akwai wani ɗan amshi da ake kira Auta. Jama'a, tun da na ji labarinsa zuciyata ba ta huta ba.

Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, babban mawaƙi ne. Shi ya ɗauke shi ya ba shi ciki da falo, ga mota, ga abinci ba sai ya tambaya ba. Da girma ya kama Kawu, maƙogwaro ya fara gardama, sai aka lura Auta ya iya kwaikwayonsa, har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya ɗauki baiti. Shi ke nan, Auta ke shiga ɗakin ɗaukar waƙa, a fitar da ita da sunan Kawu.

Shekaru suka tafi a haka. Daɗi ya kwantar da shi.

Wata rana ya je gaida Innarsa, ya tarar da ɗaya daga cikin waƙoƙin a rediyonta. Ya ce, "Inna, kin san ni ne wannan?"

Ta kashe rediyon. "Ni na goya kawunka, ni na haife ka. Wannan ba shi ba ne, kuma ba kai ba ne. Ina so in ji ɗana kafin in mutu."

Maganar ta soke shi, amma ya ce bari a ɗan jira. Kai, jira mugun abu ne!

Ranar da ya yi ta maza ya ajiye makullin mota, Kawu ya ce, "Butulu! Tafi, duniya ce, ta ishe ka riga da wando."

Ya kama ɗan ɗaki a bayan shagon wani kafinta. Abin takaici, duk sa'ad da ya buɗe baki, muryar Kawu ke fitowa. Ya yi kuka, ya sake gwadawa, watanni yana fama. A hankali wata murya ta ɓullo, siririya, mai ɗan kaushi, ba ta kai ta Kawu zaƙi ba. Amma tasa ce.

Ya ɗauki waƙa da muryar tasa a waya ya nufi gida da saurinsa. Yayarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Auta, wani zazzaɓi ya tafi da kunnuwan Inna. Ko tsawa ba ta ji."

Ya durƙusa gaban Inna. Ta kalli wayar, ta ture ta gefe, ta ɗora tafin hannunta a maƙogwaronsa.

"Yi," in ji ta.

Ya rera yana hawaye har ya kai ƙarshe. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba, sannan ta tambayi yayar tasa, "Da daɗi?"

Darasi: Inuwar wani tana da sanyi, amma idan ka daɗe a cikinta sai ka manta kamanninka. Tashi ka nemi muryarka tun masu son jin ta suna iya ji. Ku tura wa wanda kuka san yana ta cewa "sai gobe".